Ruwan zartsin Legas ya cinye min boris ɗin ril, ga yadda nake zaɓe yanzu

Ni ɗan bakin ruwa ne, a Yawuri na tashi, kuma duk da ni ba Basarke bane tun ina yaro nasan mamari nasan birgi, nasan zaman bakin Neja da sandar gora da tana a gwangwanin madara kana jiran ƙawara ta taɓa. Fatsar mu ta can babu inji babu komai, zare ne da ƙugiya da ɗan guntun dalma, in ta tsinke ka ƙulla wata shikenan. Sai da harkar albasa ta kawo ni Legas na zauna wajen Mil 12 sannan na fara ganin masu irin sandar nan ta Turawa mai ɗan inji a gindi da ake murzawa yana naɗe zare, ril suke ce masa, kuma wallahi tun ranar da na ga wani ya wurga ƙugiya ta tafi kamar ba zata sauka ba raina ya biya. Na fara da na gwanjo, ya yi min shekara guda lafiya lau, sai ƙarfin hali ya ɗebe ni naje na sayi sabo dal a kwali, an rubuta 13+1 da manyan baƙaƙe a jiki, wato adadin boris ɗin ciki, zobban ƙarfen nan masu 'ya'ya da ke sa abu ya juya da laushi, mai shagon yana ce min oga wannan boris goma sha huɗu ne a ciki, wancan naka na gwanjo biyar ne kacal. Nace toh ai magana ta ƙare.

A watan Oktoba na saye shi. Laushi kam ba a magana, ka taɓa hannun da ɗan yatsa ya dinga juyawa shi kaɗai, har nunawa yaran shago nake yi kamar wanda ya sayi mota. Duk Lahadi in kasuwa ta lafa sai in gangara ɓangaren Ikorodu in zauna bakin lagun, babban tafkin nan na Legas, wani lokacin in kama karfasa wani lokacin kifin obokun ɗin nan da Yarbawa ke ji da shi, wani lokacin kuma rana kawai zan sha in dawo. Kafin Fabrairu ya ƙare ril ɗin ya fara wani ƙurrr ƙurrr kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe, in ina janyo zare ina jin karkarwar har cikin gwiwar hannuna, daga baya ma ɗan ƙaramin gargaren nan da zare ke bi ta kansa ya ƙame gaba ɗaya, zare ya dinga gogar ƙarfe yana murɗewa, rannan kifi mai ɗan nauyi ya kama ina ja ina ja sai ji nayi tas, ya tafi da ƙugiya da komai.

Akwai wani mai gyaran janareta a layinmu, ɗan Zariya ne, hannunsa na da sanyi a kan ƙananan abubuwa, shi na kaiwa. Ya shimfiɗa jarida ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, da ya zo kan boris na gefen giya sai ya ɗaga shi ya ɗan buga a kan jaridar, wani abu ya zubo ja-ja baƙi-baƙi kamar dusar gero da aka kwaɓa da manja. Ya tura min yace Alhaji murza ka ji. Na sa a yatsa na murza, yana tafiya yana cijewa yana tafiya yana cijewa. Ya zare murfin da tsinin allura, 'ya'yan ciki da ya kamata su dinga ƙyalli duk sun yi tabo-tabo kamar fuskar wanda ya yi ƙyanda, ɗan kejin da ke riƙe su ma ya karye gefe guda. Yace Alhaji wannan ai irin boris ɗin fankar kwamfuta ne, a ruwa ka jiƙa shi? Nace ko sau ɗaya bai taɓa faɗawa ruwa ba. Cikin sha huɗun nan da aka yi min alfahari da su, tara sun tafi, kuma huɗu daga ciki ma a mariƙin hannu aka cusa su don dai adadi ya cika a kwali.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ni a ganina ba a teku nake fatsa ba. Teku tana can Tarkwa Bay da Lekki, ni kuma ina nan ciki inda har kainuwa take rufe ruwa. Wani dattijo masunci da muke haɗuwa a wurin, yana gyaran ragarsa ina ba shi labari da guntun turancin buroka na, sai yayi dariya yace in ɗebi ruwan in ɗanɗana. Nace Baba wannan ruwan mai datti? Yace a harshe kawai. Na taɓa, sai naji shi salam-salam da ɗan gishiri a ƙarshe, sak ruwan rijiyar nan mai zartsi da sabulu baya kumfa a ciki. Yace lokacin da ka fara zuwa ruwan sama ne da ruwan kogi, yanzu teku ce ta shigo, baka ga ganyen nan duk ya mutu ya nutse ba? Sai a lokacin na lura kainuwar da ta hana kwale-kwale wucewa a watan Oktoba babu ita, gishiri ya kashe ta.

Daga baya na zauna na bi abin a hankali. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, wato ledar fiya wata guda ɗaya ka zuba mata ƙaramin cokalin shayi uku na gishiri, kusan haka. Ruwan daɗi irin na Neja bai kai rabin giram ba. Duk abin da ke tsakanin rabin giram zuwa 30 shi ne ruwan zartsi, kaga kuwa tazarar ba kaɗan bace. Lagun ɗin Legas kuma baya tsayawa wuri ɗaya, da damina kogin Ogun yana turo ruwan daɗi ya kore gishirin, musamman in an saki ruwan madatsar Oyan, da rani kuma kogi ya ja baya teku ta dinga kutsowa ta bakin tashar jiragen ruwa sau biyu a rana tare da cikar ruwa. Wajen Epe kusan ruwan daɗi ne, wajen Apapa da Ikoyi da rani kusan teku ne, mu na tsakiya kuma yau haka gobe haka. Mai fatsa a teku ya san da gishiri yake hulɗa, yana dawowa zai wanke kayansa. Ni kuwa ina dawowa sai in jingine sandar a bayan ƙofa in tafi sallar magariba, ruwan da zare ya kwaso ya gangara cikin ril ya bushe ya bar gishiri, gishiri kuma in danshin iska ya wuce kashi 75 cikin ɗari da kansa yake jawo ruwa ya narke, wanda ya zauna a Legas ya san yadda gishirin kicin yake zama tsamo-tsamo a roba. Wato ril yana rataye a ɗaki sati guda amma a jiƙe yake da ruwan gishiri ta ciki. Ga kuma laka da yashi mai laushi da ruwan lagun ke ɗauke da shi, su haɗu da giris su zama kamar abin wasa wuƙa.

Toh yanzu maganar ƙarfen kansa, nan ne aka cuce ni kuma nan ne nafi daɗewa ina tono. Yawancin boris na duniya, na babur da na fanka da na janareta, da wani ƙarfe ake yi mai lamba 52100. Ƙarfe ne mai tauri sosai mai jure nauyi, ga arha, amma kuromiyam, sinadarin da ke hana ƙarfe tsatsa, wajen kashi 1.5 cikin ɗari ne kawai a cikinsa, in ba mai a jikinsa ko raɓa ce ta kwana a kai sai ya yi ja. Kafin a kira ƙarfe sitenles, wato mara tsatsa, sai kuromiyam ya kai aƙalla kashi 10.5, shi ne yake haɗuwa da iska ya yi wata 'yar fata siririya da ido baya gani ta rufe ƙarfen, in an karce ta sake fitowa da kanta. Wani Bature Harry Brearley a garin Shefild na Ingila ake dangantawa da gano shi a 1913, wuƙaƙe da cokula aka fara yi da shi. Wanda ake boris na ril da shi sunansa 440C, kuromiyam kashi 16 zuwa 18, da kabon wajen kashi 1 don ya yi taurin da zai iya zama boris. Shi zaka nema. Amma fa kada a ruɗe ka da sunan mara tsatsa, domin kabon ɗin nan da ya ba shi tauri ya kama wani ɓangare na kuromiyam ya riƙe, saboda haka a cikin dangin sitenles shi ba jarumi bane a gaban gishiri. Gishirin yana huda fatar nan ya yi 'yan ramuka kamar tsinin allura, ya fi ɓarna ma a lungu inda iska bata shiga, ƙarƙashin murfi ko inda ɗan boris ya zauna a kan zobe bai motsa ba. Bambancin kawai shi ne 52100 zai mutu a 'yan watanni, 440C kuma in kana ɗan kula da shi zai kai ka shekaru.

Akwai wani sitenles ɗin mai lamba 316, wanda ake noti da sarƙar jirgin ruwa da shi, yana da nikel da ɗan molibdinam kashi 2 zuwa 3, gishiri baya samun sa da sauƙi. Da naji haka nace ai shi zan saya in huta, sai na gano shi kuma laushi gare shi, ba a iya gasa shi ya yi tauri kamar 440C, in ka sa shi inda giya ke danna nauyi zai lotse ya fara girgiɗi. A mariƙin hannu zai iya zama, amma samun sa a ƙananan lambobin ril ma wahala ne, na bar shi.

Wata dabara da wani ya bani wai in tafi da mayen ƙarfe kasuwa, in ya kama boris to jabu ne in bai kama ba sitenles ne. Dan Allah kada ka wahalar da kanka. 440C na gaske mayen ƙarfe yana kama shi cak kamar yadda yake kama 52100, wanda baya kamawa sosai shi ne irin su 316. Da ido ma ba zaka bambance ba, duka ƙyalli suke. Abin da zaka duba shi ne lamba, na sitenles yawanci da harafin S yake farawa, MR105 na baƙin ƙarfe ne SMR105 na sitenles, 688 da S688 haka. Lambar ma a leda ake bugawa kuma leda bata rantsuwa, shi yasa ni in na sayi sababbi a wurin wanda ban taɓa saye ba nakan ƙara guda ɗaya na sadaka, in wanke masa mai tas da fetur, in jefa shi a murfin kwalba da ruwan gishiri in ajiye a taga. Baƙin ƙarfe kafin kwana biyu ruwan ya zama shayi. Na taɓa yi wa wasu guda goma haka da aka rantse min sitenles ne, washegari da safe na leƙa na tarar da murfin ja wur, na mayar wa mai su yace wai ai ni na jiƙa, nace eh ai a ruwa zan yi aiki da su.

Sai ABEC, zaka ga ABEC 5, ABEC 7, har 9, kuɗi na hawa tare da lambar. Wannan ma'auni ne na Amurka a kan daidaiton girma da zagaye, wato yaya aka goge zoben ya fita daidai, babu ruwansa da irin ƙarfe balle tsatsa. ABEC 9 na baƙin ƙarfe zai ruɓe ya bar ABEC 3 na sitenles yana aiki. An yi shi ne don injinan da ke juyi dubbai a minti, ni kuma hannu nake murzawa ina hira, ina ruwan biri da gada. Masu ril irin wanda ke zama a saman sanda, wanda ƙwarƙwaron zaren kansa ke gudu lokacin wurgi, su ƙila su ji ɗan bambanci a boris biyun da ke riƙe ƙwarƙwaron. Irin nawa mai rataye a ƙasa, ƙwarƙwaro a tsaye yake zare ne ke zubewa, ko ABEC nawa ka sa taku ɗaya ba zai ƙaru a nisan wurginka ba.

Na tangaran kuwa har na saya, kuɗina sun tafi kafin hankali ya zo. Iri biyu ne. Akwai ruwa-biyu, 'ya'yan na tangaran ne baƙaƙe da ake kira silikon naitiraid, zobban kuma 440C. 'Ya'yan basa tsatsa har abada, sun fi ƙarfe tauri, nauyinsu bai kai rabin na ƙarfe ba, amma zoben da suke gudu a kai fa ƙarfe ne, in gishiri ya huda shi ƙarar tana nan, sai ma ta fi fitowa don tangaran dama surutu gare shi in ba mai sosai. Akwai kuma wanda duka tangaran ne har zobe, yawanci fari, shi kam ko a teku ka kwana da shi babu abin da zai same shi ta fannin tsatsa, matsalarsa baya son duka, ril ya faɗi a kan dutse ko ka buga shi da ƙarfi wajen sakawa sai ya tsage, kuma yawanci a buɗe yake zuwa babu murfi, yashin lagun ya shiga yadda ya ga dama. Biyu na saya na ruwa-biyu na sa a gefen giya, ban ji wani abu da na sitenles bai bani ba sai ɗan shuuu da yake yi da asuba in wuri yayi tsit. Ga masu gasar nisan wurgi da kuɗi a aljihu bismillah, ni dai na sallama.

Abin da na gano ya fi duk waɗannan amfani a ruwanmu shi ne murfi da abin da ke bayan murfin. Boris yana zuwa a buɗe, ko da murfin ƙarfe gefe biyu wanda lambarsa ke ƙarewa da ZZ, ko da murfin roba mai ƙarewa da 2RS. Na ƙarfen baya taɓa zoben ciki, akwai 'yar kafa, yana tare tsakuwa amma ruwa yana shiga, kuma mugun abin in ya shiga baya fita da wuri, sai ya kwanta ciki yayi ta aiki. Na robar leɓensa yana shafar zoben, yana tare ruwa ya kuma riƙe giris, sai dai zaka ji hannu ya ɗan yi nauyi kaɗan ba zai dinga juyawa shi kaɗai kamar na talla ba. Ni na yarda da wannan nauyin. Juyin nan na burgewa da ake nuna maka a shago sau da yawa alama ce ta babu komai a ciki sai ɗan digon mai, wurin da giris bai cika ba kuwa ruwa ne zai cika shi. Yanzu duk boris da zan saka sai na ɓalle robar da tsinin ƙugiya a hankali, in cusa giris irin na injin jirgin ruwa, mai shuɗi ko kore ɗin nan da baya narkewa a ruwa, da sirinji mara allura nake turawa har ya leƙo ta ɗaya gefen, in share na waje in mayar da roba. Masu ril na saman sanda kada su yi wa boris ɗin ƙwarƙwaro haka, zai kashe musu wurgi, su digon mai mara kauri suke buƙata amma a kai a kai.

Giris ɗin ma ba ko'ina ba, a nan na tafka tawa. Wannan +1 da ake rubutawa a kwali ba boris ne irin sauran ba, wasu 'yan sanduna ne a keji da ke barin hannu ya tafi gaba su hana shi komawa baya. Da na ga giris na aiki sai na cika shi shima dam. Lahadi ta zo kifi ya fizga na ɗaga sanda, hannun ril ya juyo baya da gudu ya doke min ɗan yatsa, zare ya kwance ya zama gidan tsuntsu, kifi yayi gaba. Ashe sandunan nan sai sun ciji ƙarfe suke riƙewa, giris mai kauri ya hana su cizo. Shi wankewa ake yi a shafa mai siriri kaɗan, kuma a dinga leƙa shi don shima yana tsatsa, in ya mutu ma ya fi sauran wuyar samu.

Wanda yake fara mutuwa kullum shi ne na ɗan gargaren zare, don duk digon ruwan da zare ya ɗauko a kansa yake matsewa, ga shi ƙanƙani, a ril da yawa milimita 4 ne rami, 7 faɗi, kauri 2.5. Bayansa sai na mariƙin hannu, sai na ƙarƙashin abin da ke juyawa yana naɗa zare, sai biyun gefen giya ta inda hannu ke shiga. Tsohon ril ɗina na gwanjo da na raina, da muka buɗe shi sai muka tarar a gargaren zare da mariƙi babu boris ko ɗaya, bushin ne na roba mai tauri, abin da bai san tsatsa ba. Shi yasa ya shekara bai yi tari ba. Yanzu a mariƙin sabon ma bushin na mayar, huɗun nan na ado na zubar, hannuna bai ji wani bambanci ba.

Wajen saye kada ka dogara da sunan ril ko kace wa mai kaya bani na ril kaza, cire tsohon ka auna. Abu uku ne, faɗin rami, faɗin waje, kauri, duk a milimita, kuma da kalifa, ma'aunin nan na makanikai mai baki biyu da ke cafke abu, ake aunawa ba da rula ba don rabin milimita ya isa ya hana shi zama. 5 da 10 da 4 shi ne MR105, 5 da 11 da 4 shi ne MR115, kaga milimita ɗaya ce tsakaninsu kuma a ido kamar tagwaye, 3 da 10 da 4 shi ne 623, 8 da 16 da 5 shi ne 688 mai murfi. A lura da kaurin, wani lokacin lamba ɗaya ce amma buɗaɗɗen ya fi mai murfi siranta, in ka canza daga wannan zuwa wancan sai murfin ril ya ƙi rufuwa ko giya ta dinga wasa. Manyan lambobi ana samu a kasuwar kayan gyara, ƙananan na sitenles masu roba kuwa ni ta intanet nake odar su in jira sati biyu uku, shi yasa nake sayen na gargaren zare guda biyar a lokaci ɗaya. Kuma ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki in kana kwancewa, akwai wasu washa sirara kamar takarda a bayan boris ɗin giya, in ɗaya ta ɓace ko ka juya musu wuri ril ɗin ba zai koma daidai ba.

Manyan kamfanoni kowa da sunan da ya raɗa wa nasa, Shimano suna da A-RB da S A-RB mai murfi, Daiwa suna da CRBB, Abu Garcia kuma HPCR, duk dai sitenles ne da aka ƙara wa wani gyara don ya daɗe a gishiri. Daiwa tun 2010 suka fito da Magsealed, wani mai ne da mayen ƙarfe ke riƙewa ya toshe kafa, dabara ce mai kyau amma ba abin da zaka buɗe a kan jarida a layinku bane, in man ya zube sai wurin masu shi. Penn kuma suna rubuta IPX5 ko IPX6 a wasu nasu, ma'ana jikin yana jure feshin ruwa, ba wai ka nutsa shi ba. In da zan koma ranar da na shiga shagon nan, ril mai boris huɗu ko biyar na kirki da jiki mai roba a gaɓoɓi zan ɗauka in bar musu sha huɗunsu.

Wani abu kuma da ban sani ba sai da na gani, boris ɗin na iya zama lafiya gidansa ya ruɓe. Jikin ril alminiyam ne, wasu ma magniziyam, in sitenles ya zauna a cikinsa ruwan gishiri ya shiga tsakani sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya yi wani farin gari kamar alli, boris ya manne sai da duka. Mai janareta sai da ya ɗiga mai ya bar nawa ya kwana kafin ya fita. Maganin ɗan giris ne a shafa a ramin kafin a zaunar da boris, har da kan kowane sukuru.

Wanki kuma yanzu ko na dawo a gajiye sai nayi kafin in cire takalmi. In ɗaure birkin ƙwarƙwaro, wanda ke sakin zare a hankali in kifi ya ja, tam don kada ruwa ya shiga faifan birkin, in huda ledar fiya wata ɗaya in yayyafa a hankali daga sama, ba a sa shi ƙarƙashin famfo mai ƙarfi ba kuma ba a tsoma shi a bokiti, wannan tura gishirin ciki yake yi. In goge da tsohuwar singileti, in juya gargaren zare da yatsa in ji yana tafiya, in ɗiga masa mai, man keken ɗinki ma yana yi in babu na ril, sannan in sassauta birki in bar shi a inuwa ya sha iska. WD-40, man feshin nan na gwangwani da ake kwance tsatsa da shi, a tsumma nake fesawa in goge waje kawai, in ka fesa ciki narkar da giris yake ya bar boris tsirara. Duk wata uku kuma, musamman tsakiyar rani, in buɗe in zare su in soka kowanne a bakin fensir in murza kusa da kunne, wanda naji yana ƙaiƙayi in wanke da ɗan fetur a waje nesa da wuta bayan na cire robar, in ya bushe har yanzu yana cijewa to rami ya riga ya shiga, babu man da zai cike shi, sai kwandon shara.

Saitin 440C mai roba da na saka yanzu ya ga rani biyu, na gefen giya ban canza ko ɗaya ba, na gargaren zare na canza sau biyu, saura uku a kwalbar magani a cikin durowa. Lahadin da ta wuce na tarar da Baba a kan kwale-kwalensa yana ture ganye da sanda, gefen ganyen ya fara yin ruwan ƙasa, ya nuna min da baki yace ɗana gishirinka ya kusa. Nace Baba ya zo, na sa hannu na taɓa a harshe, da saura tukuna.